Ranar da Na Sace Ƙararrawar Jami'a

Shekarun baya, kafin yaƙin nan ya cika mana Gadarif da baƙi, na taɓa yin sata. Sau ɗaya ne tak a rayuwata, kuma abin da na sata ko a kasuwar tsofaffin kaya ba mai tayawa. Tunda wasunku sun dame ni da tambayar me ya sa yayana yake kirana "mai ƙararrawa" a ƙarƙashin duk abin da na rubuta a nan, yau zan faɗa, kowa ya huta.

Sai kun fara sanin halinmu. Ni ba ni da haƙurin gaisuwa. "Ina kwana, lafiya lau," na wuce. Mahaifiyata ta yi faɗa har bakinta ya gaji, daga baya ta koma ba wa maƙwabta haƙuri tana cewa haka Allah ya yi ni. Yayana kuwa an ba shi nasa rabon an haɗa masa da nawa. Wata rana wani mutum ya kira wayarsa bisa kuskure yana neman mai gyaran tarakta. Yaya bai ce masa ba lambar ba ce sai da ya ji lafiyar iyalinsa, da gonarsa, da ruwan sama a wajensu, da ƙafar mahaifinsa da ke ciwo. Har yau mutumin yana kiran sa duk salla.

A shekarar Yaya yana ajin ƙarshe a sashen noma na jami'a. Ni kuma na gama sakandare na ce ya ishe ni, na kama aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Duk takardun bincikensa ni na buga, saboda haka na san abin da ke ciki fiye da yadda nake so. A kan ka'uk ne, ƙwaron nan da ke shiga riɗi bayan an yanke an jingine shi a gona, ya tsotse man ya bar wa manomi ɓawo. Kaka biyu Yaya ya yi a gonar kawunmu wajen Doka yana rarrafe ƙarƙashin damman riɗi yana tsintar ƙwari. Ya cika mana gida da kwalabe. Akwai ranar da Inna ta kusa barbaɗa su a miya.

Sai jami'a ta shirya taron haɗa 'yan ajin ƙarshe da manyan mutanen kamfanoni, su ba su shawara, su san juna. Mutum shida aka gayyato. Biyar shawara kawai za su bayar, amma na shidan, wani dattijo mai kamfanin saye da tace riɗi, an ce zai ɗauki ɗalibai biyu horon aiki, kuma wanda ya shiga wajensa da wuya ya fito ba aiki. Yaya ba ya da wani babba da zai yi masa magana a ko'ina. Mahaifinmu ya rasu, kawu kuma iyakar saninsa gona. Idan wannan ta wuce shi, mun san sauran labarin, domin a layinmu kaɗai akwai masu digiri uku da ke zaune gindin darbejiya suna gardamar ƙwallo.

Da Yaya ya yi wa Inna bayani, ta fahimci abin yadda ta ga dama.

"Wato za a ba da kai amana ke nan wajen mai sana'a," in ji ta. "To ba a kai yaro wajen ubangida hannu biyu. Kuma ba ya kai kansa, sai da na gida."

"Inna, ba haka ake yi ba. Takarda kawai ake riƙewa."

"Takarda zai ci?"

Ta kwana biyu tana shiri. Ta yi kantun riɗi, ta soya gyaɗa, ta dama godogodo, kunun geron nan namu, ta cika fulas, ta jera a kwando ta rufe da sabon mayafi. Ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, ni zan je a madadinta in miƙa wa mutumin in ce ga amana. Na ce ba inda za ni da kwando cikin 'yan jami'a. Ta kalle ni kallon nan nata. Da safe ina cikin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, kwando a cinyata, Yaya a gefena da rigar da ya goge sau biyu.

A ƙofar zauren aka tambaye ni daga wane sashe nake. Na ce sashen abinci. Suka matsa.

Tsarin da suka yi shi ne tebur shida a jere, kowane da baƙo ɗaya. Ɗalibi zai zauna minti biyar ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya iya, sai a kaɗa ƙararrawa, ya tashi ya koma tebur na gaba, wani ya zauna. Wani malami da ya je kwas ƙasar waje ne ya zo da tsarin, yana ta alfahari da shi a lasifika. Ƙararrawar irin ta makarantar firamare ce, mai mariƙin katako, kuma wata ɗaliba ce ke riƙe da ita, doguwa mai tabarau, agogo a hannu ɗaya, ƙararrawa a ɗayan. Dattijon riɗin yana tebur na ƙarshe. Na sami kujera a bayan zauren na zauna da kwandona, inda nake ganin komai.

Tebur na farko wani ma'aikacin banki ne. Yaya ya isa, ya miƙa hannu biyu, ya ɗan rusuna. Da Larabci suke yi, amma ko kurma ya san abin da ake ciki. Yaya lafiya, yaya gida, yaya yara, Allah ya yi albarka, in sha Allah kowa lafiya. Ma'aikacin bankin ma ɗan mutane ne, ba zai bari a fi shi ba, ya mayar da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Suka dafa kafaɗa, suka sake musabaha. Yaya ya zauna, ya buɗe jakarsa, ya ciro takarda. Ƙararrawa.

Na ce to, na farko ne, bai saba ba.

Tebur na biyu wata injiniya ce mai harkar injinan noma. Da yake mace ce babba, Yaya ya ƙara da tambayar jikoki. Tana da su bakwai. Ƙararrawa ta same su a na huɗu.

A tebur na uku takardar ma ba ta fito ba.

Ina zaune ina jin kaina yana zafi. Sauran ɗalibai kuwa na ga yadda suke yi. Wani ko zama bai gama ba ya fara: ni ne na ɗaya a aji, na iya kaza, na ƙirƙiro kaza. Wata ta zo da kati mai hotonta tana rabawa kamar na biki. Yaya kuwa a gidanmu aka rene shi, inda idan ka yabi kanka Inna za ta tambaye ka ko mutanen garin sun mutu ne.

Da aka tashi fatur, wato karin kumallo, wajen sha ɗaya, aka fito da manyan farantan dafaffen waken nan da ake kira ful, na ja shi bayan wata bishiya.

"Yaya, me ka faɗa musu?"

"Auta, mutanen kirki ne ƙwarai. Kin san mai bankin nan ashe matarsa 'yar..."

"Ƙwarin. Ka faɗa musu ƙwarin?"

"Ban samu na kai nan ba."

"Minti biyar aka ba ka. Ka ce salamu alaikum, ka aje takarda."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga. "Mutum sa'an Baba? In faɗa masa kamar mai karɓar haraji?"

"To ka rage. Ka cire yara."

"Idan na cire yara ya ce ban damu da yaransa ba fa?"

"Ba ka san yaransa ba, Yaya."

"Shi ya sa nake tambaya."

Na ga ba za a rabu ba. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ni ce mafi wayo a duk jami'ar. Na ce tunda ba zai iya ragewa ba, ya je yanzu da ake cin abinci ya gaida sauran ukun, ya gama da su kaf, ya ajiye. Idan an koma zaure sai ya shiga magana kai tsaye. Ya yi tunani ya ce wannan ba laifi. Ya samu biyu a bakin faranti ya gaishe su son ransa, har suka sa shi ya sa hannu. Dattijon riɗin ne kawai bai samu ba, ya tafi masallaci yin walaha.

Aka koma. Yaya ya zauna a tebur na huɗu da takarda a hannu, na ga ya ja numfashi zai fara. Sai mutumin ya washe baki ya ce, "A'a, ɗana ne. Yaya bayan rabuwa? Yaya aka ji da ful ɗin?"

Shi ke nan. Yanzu sun zama 'yan'uwa, gaisuwar ta fi ta da tsawo.

Saura tebur biyu. Na tashi na nufi mai ƙararrawa.

"'Yar'uwa, don Allah idan wancan mai farar rigar ya kai tebur na ƙarshe, ki ƙara masa minti biyar."

Ko kallona ba ta yi ba. "Minti biyar ne kowa."

"Ba ya iya gajarta gaisuwa ne."

"Ya koya."

"Yau zai koya?"

"Ba matsalata ba ce. Matsa, kina tare mini agogo."

Agogon a hannunta yake. Na tsaya ina kallonta, sai na gane abin da ya ba ni haushi. Da ni aka ba wa ƙararrawar nan, da haka zan amsa, kalma da kalma. A ranar na fara jin abin da maƙwabtanmu suke ji idan na wuce su, kuma bai yi mini daɗi ba.

Ta kaɗa. Yaya ya tashi daga tebur na biyar, inda na ji sun kai maganar wani kawu da ya yi aikin hajji, ya nufi na shida. Kaka biyu na rarrafe cikin rana, da kwalaben da suka hana mu wurin aje gishiri, duk za su ƙare a "yaya yara".

Na lura da leɓen yarinyar ya bushe. Tun safe tana tsaye, ko fatur ba ta ci ba don tana gyara jerin sunaye. Na buɗe kwando na tsiyaya godogodo a murfin fulas, na ɗora kantu ɗaya a kai.

"Ungo. Ba don ki ƙara masa ba. Kina neman faɗuwa ne."

Wallahi da farko da gaske nake. Ta karɓa. Amma hannu biyu Allah ya ba ta, ɗaya da kofi, ɗaya da kantu. Ta aje ƙararrawar a kan kujera, ta juya baya ga jama'a don kada a gan ta tana ci. Ni kuma na ga ƙararrawa a kan kujera, na ga kwandona a buɗe. Ban yi shawara da kowa ba. Na kama harshenta da yatsa don kada ta yi ƙara, na cusa ta ƙarƙashin ledar gyaɗa, na ja mayafi. Sai na koma na zauna a wata kujera kusa da tebur na shida, na ɗora kwandon a cinya kamar uwar da ke lallashin jariri.

Daga nan ina jin su sarai. Dattijon ɗan siriri ne da farar jallabiya da rawani, da wani tsohon biro a hannu. Suka fara da Larabci, suka bi layi yadda ya kamata. Can ya tambayi Yaya wace unguwa. Yaya ya faɗi sunan unguwarmu ta Hausawa. Dattijon ya aje biron.

"Kai Bahaushe ne?"

"E, Baba."

"To me muke yi da bakin mutane tun ɗazu? Ni ɗan Mafaza ne. Ina kwana."

Suka koma farko. Na rantse muku, daga "ina kwana" suka sake ɗaukowa, da Hausa, kamar ba a yi komai ba. Ina gajiya, ina aiki, yaya mai tsufa, yaya aka ji da zafi. Na rufe ido.

A bayana kuma an shiga wani hali. Yarinyar ta duba ƙarƙashin kujera, ta duba jakarta, ta zagaya teburin ruwa. Minti biyar ya cika. Ta tafa hannu, ba wanda ya waiwayo. Ta ruga wajen lasifika, ashe wuta ta ɗauke tun ana fatur. Ta ce "lokaci ya yi" da muryarta, amma mutum wajen hamsin ke magana a zauren. Abin da na lura da shi, ba wanda ya yi kewar ƙararrawar. Mai bankin ya cire tabarau ya gyara zama. Injiniyar ta ja takarda tana zana wa wani ɗalibi yadda garma ke shiga ƙasa. Tun safe sai yanzu na ga fuskokin mutane sun saki.

A tebur na shida gaisuwa ta fita daga gida ta shiga gona.

"Yaya ruwa wajenku bana?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Wajen Doka ya yi jinkiri, amma da ya zo ya zauna. Sai dai waɗanda suka yi gaggawar shuka sun sake."

"Haka aka yi. Yaya riɗin?"

"Ya yi kyau a tsaye. A jingine ne aka sha wuya."

Dattijon ya matso da kujerarsa. "Ka'uk?"

"Shi, Baba."

"Kada ka tuna mini. Buhu ka ɗaga ka ji shi kamar na ƙaiƙayi. Na mayar da lodi guda, mutumin ya zauna a ƙofata yana hawaye, kuma ba laifinsa ba ne."

Sai Yaya ya sa hannu a aljihun rigar da ya goge sau biyu, ya ciro kwalba. Ban san ya zo da ita ba. Ya aje ta a kan tebur tsakanin kofunan shayi. Dattijon ya ɗaga ta sama yana juyawa.

"Ga ɗan banzan nan. Ina ka samo shi?"

Daga nan ba sai na ce komai ba. Yaya bai ce shi ne na ɗaya ba, bai ce ya ƙirƙiro komai ba. Tambayarsa ake yi yana amsawa: a ina ƙwaron ke ɓuya da rana, kwana nawa dami zai yi a jingine kafin ya shiga, me ya gani a gonar da aka share ƙasa kafin a jingine da wadda ba a share ba. Takardar da na sha wahalar bugawa tana cikin jaka ba wanda ya neme ta. Sun kai minti ashirin da biyar.

Ina cikin jin daɗi sai na ji Yaya ya ce, "Af, Baba, na kusa mantawa. Mahaifiyarmu ta aiko da saƙo. Auta, kawo."

Na yi kamar ban ji ba.

"Auta."

Dattijon ya juyo yana murmushi, ya yafito ni. Ba yadda zan yi in sa hannu in cire ƙararrawar idonsa yana kaina. Na tashi a hankali, na taka kamar mai ɗauke da ƙwai, na aje kwandon a gabansa.

"Ina wuni. Inna ta ce ga amana."

"Ikon Allah. Gaisuwar ke nan duka?"

"Yaya ya yi tawa."

Ya yi dariya, ya yaye mayafin. Ya ga kantu ya ce ma sha Allah, ya gutsura, ya ce wannan riɗin ba ka'uk a ciki. Ya ɗaga ledar gyaɗa. Ƙararrawar ta mirgina ta daki fulas.

Ba ta yi wata babbar ƙara ba, amma yarinyar nan tana ƙarshen zaure ta ji ta. Ta taho kamar an harbo ta, malamin da ya kawo tsarin yana biye da ita. Kowa ya juyo. Dattijon ya ɗaga ƙararrawar da yatsa biyu ya dube ni.

"Wannan ma Hajiya ce ta aiko?"

"A'a, Baba. Wannan daga ni ne."

Malamin ya fara faɗa da Larabci, wai an ɓata tsari, an zalunci sauran ɗalibai, wace ce ni, wa ya shigo da ni. Yarinyar ta ce, "Ta ce daga sashen abinci take." Malamin ya ce zai cire sunan Yaya daga jerin gaba ɗaya, tunda da saninsa aka yi. Na ce ba da saninsa ba ne, ni ce, a yi mini abin da za a yi. Ya ce me zai yi mini, ni da ba ɗaliba ba.

Sai Yaya ya miƙe. Na ɗauka zai yi bayani. Ya miƙa wa malamin hannu biyu.

"Daktor, tun safe ban samu na gaishe ka ba. Yaya aka ji da hidima? Yaya gajiya?"

Malamin ya ce lafiya, a taƙaice, zai ci gaba da faɗa.

"Yaya Hajiya da jiki? Na ji an ce an yi mata aikin ido."

Ya tsaya. Ya ce da sauƙi, an cire bandejin.

"Alhamdu lillahi. Tana gani da shi sosai?"

Ina kallon mutumin nan yana neman fushinsa yana rasa inda ya aje shi. Ba za ka iya yi wa mutum tsawa ba alhali yana tambayarka idon mahaifiyarka. Kafin a kai kan yara, muryarsa ta sauka. Dattijon ya miƙa masa kantu. Ya karɓa, don ba a ƙin hannun babba. Daga ƙarshe ya ce a ƙara wa waɗanda ba su kai tebur na shida ba lokaci bayan azahar, ni kuma in fita.

Dattijon ya miƙa wa yarinyar ƙararrawarta. Kafin in fita na je na ce mata ta yi haƙuri. Ta ce, "Godogodon ya yi daɗi. Amma ke ɓarauniya ce." Na ce na yarda.

Muka hau raksha muka koma gida. Inna ta tare mu a ƙofa ta ce an karɓi amanar? Na ce an karɓa har da ƙari. Da ta ji ƙarin, ta bi ni da muciya har ɗaki. Kwana shida muna zaman jira, Yaya ba ya cin abinci sosai, ni kuma duk wanda ya shigo shago ya ce a buga masa takarda sai in ji kamar takardar korar Yaya ce.

Ran na bakwai dattijon ya kira, ya ce Yaya ya zo ranar Asabar, kuma ya zo da mai ƙararrawa. Muka same shi a ma'ajiyar kamfanin, cikin ƙurar injin tace riɗi, yana shan kofi a kan buhu. Bayan sun yi abin da suka saba, ni ina tsaye ina ƙirga buhuna don in kashe lokaci, ya ce ya ɗauki Yaya. Ya kuma faɗi dalili, ni yake kallo.

"'Yata, kin ɗauka cuta ce ke damun yayanki. Ni abin da nake nema ke nan. Wanda zan tura ƙauye wajen manoma, idan ya sauka daga mota ya ce ina riɗi, za su ce babu, ko da yana taka shi. Bara na ɗauki wani mai kati da hoto. Kwana uku ya yi a wani ƙauye, ko ruwa sai da ya roƙa. Manomi ba ya faɗa maka abin da ya ci masa gona sai ka tambayi 'ya'yansa tukuna. Ƙwarin kuma na gode, amma da bai iya gaisuwa ba, da kwalbar kawai zan karɓa."

Na ce, "Amma Baba, da ban sace ƙararrawar ba, da ba ka ji ko ɗaya ba."

"Gaskiya ne. Shi ya sa na ce a zo da ke in gode miki. Kuma in roƙe ki wata alfarma."

"Wace?"

"Kada ki kusanci manomana."

Yaya yana wajensa har yau, shi ke zagaya ƙauyuka lokacin kaka. Yarinyar ƙararrawar ita ce ta biyun da aka ɗauka, an sa ta a wajen sikeli, inda direbobin lodi ke buƙatar wanda ba ya jin roƙo. Mun zama ƙawaye. Idan muka haɗu, gaisuwarmu ba ta wuce kalma uku, kuma dukanmu muna jin daɗin haka. An ce shekarar da ta biyo baya jami'a ta mayar da lokacin minti goma sha biyar. Ban ce saboda ni ba ne, amma ba wanda ya ce ba saboda ni ba ne.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ranar da na ceci yayana. Sai da mutanen Khartum da Jazira suka fara sauka a garin nan da 'yan ƙullin kayansu na sake duba shi. Wata mata ta shigo shagonmu a buga mata takardun makarantar 'ya'yanta da suka jiƙe suka yage. Na ce ina kwana, na miƙa hannu in karɓa. Ban san me ya taɓa ni ba, na ƙara da "yaya yara?" Ta zauna a kan kujera ta fara faɗa mini inda kowanne yake, da wanda ba ta san inda yake ba. Mun fi awa. Ashe tambayar nan da na ɗauka ɓata lokaci ce, tambaya ce ta gaske, kawai dai mun saba amsarta lafiya lau ce.

Ban zama Yaya ba, kada ku sa rai. Har yanzu idan mutum ya tsaya a ƙofar shago yana jan gaisuwa alhali akwai layi a bayansa, fuskata tana faɗa masa abin da bakina ya riƙe. Amma idan Yaya ya kira daga ƙauye, ina barin sa ya bi layinsa. Ya tambayi Inna, ya tambayi aikina, ya tambayi maƙwabta gida gida, ina amsawa. Sai ya kai kan awakin Inna, yana tambayar wadda ta haihu da wadda ke ɗingishi, sannan nake ɗaukar cokali in buga a jikin kofin shayi kusa da wayar.

Sai ya ce, "Wannan karon ba a samu mai sacewa ba?"